Kunnen da Aka Yanka Kafin Allura

A shekarun da suka gabaci mulkin kai, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin dabbobi ba, aka ɗora mini duba masu yi wa shanu allurar rigakafin bushiya a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada, har zuwa duwatsun Doguwa. Ina da izinin riƙe sirinji, amma ba shi ne ainihin aikina ba. Aikina shi ne in tabbatar duk wanda ya riƙe shi yana da takardar izini, yana kuma bin ƙa'ida, sannan in rubuta abin da idona ya gani in aika ofishinmu na birni.

Wanda bai taɓa ganin bushiya ba, da wuya ya fahimci abin da ya sa muke ɗaukar ƙananan ƙa'idodi da zafi haka. Saniya takan fara da zazzaɓi, idanunta su yi ta zubar da ruwa, bakinta ya yi gyambo ta kasa cin ciyawa, sai zawo ya biyo baya, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. In cutar ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, abin da take bari bai taka kara ya karya ba. Amma allura guda, in an yi ta daidai, tana kare dabba har ƙarshen rayuwarta. Saboda haka kowace saniya aka yi wa, sai a cire ɗan gefen kunnenta da wani awartaki na musamman, wanda yankansa ke da siffar da wuƙa ba ta iya kwaikwayo. Duk mai allurar da ya ga wannan yanka, a kowace ƙasa yake, ba zai sake soka wa dabbar nan allura ba, domin maganin ba shi da yawa, kuma daga nesa ake aiko mana shi cikin ƙanƙara.

Doka a kan wannan gajeriya ce. Hannun da ya soka allura shi ne zai yanka kunne, kuma sai bayan ya zare allurar. Wanda ba shi da takarda ba ya taɓa sirinji, ba ya taɓa awartaki. Leburori aikinsu kora shanu da riƙe ƙaho da ɗebo ruwa. Da yawa daga cikin ma'aikatan suna ganin wannan tsanani ne kawai irin na mutanen ofis, kuma na sha jin ana cewa a bayana ni ba na iya cin tuwo sai na duba ko yana da takarda.

A bazarar shekarar da nake magana, labari ya zo cewa cutar ta ɓulla a kudu, cikin shanun da ke hayin kogi wajen Doguwa. Lokaci ne kuma da makiyaya ke gangarawa can don tarar sabuwar ciyawa, domin ruwa kan riga sauka a duwatsun nan. Muka kafa sansani biyu a kan hanyarsu, ɗaya a Kiru, ɗaya kusa da garin Ƙofa. Na Ƙofa yana hannun wani dattijo Babarbare, wanda ya fara aikin allura tun ina makarantar elemantare. Hannunsa yana da sauƙi, saniya ba ta ko zabura in ya soka mata, kuma Fulani suna sonsa saboda wasan da ke tsakaninsu da Barebari, wanda ya iya shi ƙwarai. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. A cikin duk ma'aikatana shi ne wanda na fi kwantar da hankali a kansa, shi ya sa na fi zama a Kiru, inda sababbin hannu suke.

Ran da na je Ƙofa, da hantsi na isa a kan keke. A kowane sansani muna gina kwararo na itace, siriri, wanda shanu ke shiga su jeru ɗaya bayan ɗaya, ba halin juyawa. Na jingine keken, na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, don in ga aiki yadda yake kafin a san na zo. Baba yana can bakin fita da sirinji, yana tahowa baya saniya bayan saniya. Amma a bakin shiga akwai wani mutum da awartaki, yana yanka kunnen kowace dabba tun tana sa kai cikin kwararon. Kafin Baba ya kai tsakiya, na ƙarshen layi ma jini na ɗiga daga kunnenta.

Na ƙarasa, na yi sallama.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa Malam, sannu da hanya. Ka iske mu muna gudu kamar jirgin Zariya."

"Na ga gudun. Wane ne wancan da awartaki a hannu?"

"Ƙanen maiɗakina ne. Ai ka san shi, shi ke ɗebo mana ruwa."

"Yana da takarda?"

Kafin Baba ya amsa, mutumin ya matso yana dariya, yana goge awartakin a gefen wandonsa. "Ranka ya daɗe, yankan kunne ma sai da takarda? Tun ina yaro nake yi wa awakin gidanmu shaida. In ba don ni ba, wannan tsohon da har la'asar yana kan garke guda yana ba shanu labarin Barno."

"Rufe mana baki," in ji Baba, "kai da aka ba ni gyara a kan auren yayarka."

Leburori suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na karɓi awartakin daga hannunsa, na tambayi Baba tun yaushe suke aiki haka. Ya ce tun da shanu suka yi yawa, kuma bai ga aibu ba, tun da duk wadda ta shiga kwararo sai ta bi ta gabansa kafin ta fita. Sai na yi masa tambayar da tun ina tsaye daga nesa take cina. Na ce, in magani ya ƙare alhali kwararo yana cike fa?

Surukin nasa ne ya amsa, da murya irin ta wanda ke ba da labarin abin dariya. "Ai shekaranjiya ma haka aka yi, da shanun Arɗon nan dogo."

Na kira Baba cikin bukkar da ake ajiye kaya, domin ban so in yi masa magana a gaban leburori ba. Can ya gaya mini yadda abin ya faru. Garken wani Arɗo ne, abokin wasansa na shekaru. An yi wa yawancin shanun, saura cikon kwararo na ƙarshe, sai maganin da aka dama ya ƙare bayan ya soka wa kaɗan daga na gaba. Ya shigo bukkar nan don ya dama wani, ya tarar ƙanƙarar da ke cikin filas ta narke, ruwan har ya yi ɗumi. Ya san maganin da ya sha zafi ya mutu, kuma bai yarda ya yi amfani da shi ba, wannan kam na shaida masa. Yana tsaye yana tunanin abin yi, leburori suka duba suka ga duk kunnuwa a yanke. A wurinsu yankakken kunne yana nufin an gama. Suka buɗe ƙofa, shanun suka shige cikin 'yan uwansu, Arɗo ya ɗaga sanda ya yi godiya daga nesa, ya kama hanyar kudu.

"Me ya sa ba ka bi shi ba, Baba?"

"Na ce in sabuwar ƙanƙara ta zo zan aika masa."

"Ta zo jiya. Ka aika?"

Ya dubi ƙasa. "Malam, da wane baki?"

Har yau in na tuna da amsar nan raina yana ɓaci. Kuskuren farko na gaggawa ne, kuma kowa yana iya yinsa. Amma shirun da ya biyo baya zaɓi ne. Ga shanu suna tafiya kai tsaye zuwa inda cuta take, mai su yana da yaƙinin an kare su, kuma a kunnensu akwai alamar da za ta sa duk wani mai allura a duniya ya kore su in an kawo masa. Saniyar da ba a yi wa komai ba ta fi su sa'a, domin ita tana da damar a yi mata a sansani na gaba.

Na ce ya ba ni takardarsa. A cikin wata 'yar jakar fata yake rataye da ita a wuya, ƙarƙashin riga. Ya ɗauki lokaci yana kwance bakin jakar, ya miƙo mini da hannu biyu. Na gaya masa na dakatar da shi har sai ofis ya yanke hukunci, amma zai bi ni, domin ni ban san Arɗon ba, ban kuma san kamannin shanunsa ba.

Na rufe sansanin Ƙofa a ranar, na tura sauran makiyayan Kiru. Daga can na ɗebi magani da ƙanƙara, na cika filas, na naɗe ragowar cikin dussar katako da buhu. Akwai wata ƙa'ida kuma da ta tsaya mini a gaba: an hana yi wa dabba mai yankakken kunne allura, kuma ba ni da ikon ɗage wannan. Na rubuta wa ofis abin da ya faru da abin da nake shirin yi, na ba direban motar da ke zuwa birni. Ban jira amsa ba, domin kafin ta zo, ba za a sami abin yi da ita ba.

A Kwanar Dangora muka zauna jiran motar Tudun Wada. Ban taɓa sanin rana tana da nauyi haka ba. Na sa kayan ƙarƙashin rumfar wata mai abinci, ina ta matsar da su duk inda inuwa ta koma, ina kallon gindin buhun yana yin duhu da ruwa. Baba ya zauna gefe da carbi. Mutumin da ba ya iya wuce Bafulatani bai tsokane shi ba, ga masu tallan nono suna ta gilmawa suna kiransa, bai ɗaga kai ba. Motar da ta zo cike take da buhunan gishiri, muka hau sama, na rungume filas ɗin a cikin rigata.

A Tudun Wada ba wanda ya san inda Arɗon ya sauka. Makiyayi ba ya sanar da masaukinsa, musamman ga mutanen hukuma, domin a tunaninsu duk mai ɗauke da takarda ɗan leƙen asirin jangali ne. Da na yi tambaya a kasuwa, matan da ke sayar da nono suka dube ni, suka dubi wandona na kaki, suka ce ba su jin Hausa sosai. Sai da Baba ya tsuguna kusa da wata tsohuwa ya yi mata magana a hankali, sannan ta nuna kudu da haɓa, ta ambaci wani dutse. Wani dagaci ya ara mana dawakai.

Tafiyar nan ita ce na fi tunawa. Mun bi gefen dajin Falgore, ƙasa ta fara yin kore, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Ƙanƙarar cikin buhu ta ƙare tun a hanya, saura ta cikin filas. Duk sanda dokina ya yi tuntuɓe nakan kasa kunne: in na ji ƙwas-ƙwas na ƙanƙara sai in ɗan sami numfashi, in na ji motsin ruwa sai gabana ya faɗi. A bakin wani rafi muka ga ungulaye sun taru, mutanen ƙauye suna jan mushen saniya zuwa rami. Na sauka na buɗe bakinta da kara. Gyambon yana nan, yadda aka koya mana. Na duba kunnenta kafin in duba komai, ya kasance lafiyayye, ba yanka. Ba daga shanunmu take ba. Amma a rafin nan duk garken da ya gangaro yake shan ruwa. Muka kwana a ƙauye biyu muna tambaya, kowane wuri a ce mana sun wuce gaba.

Mun same su da safe a gindin wani dutse, ƙasar Doguwa. Arɗon dogo ne ƙwarai, dattijo, yana tsaye a kan ƙafa guda ya dogara da sanda. Da ya gane Baba, fuskarsa ta washe.

"Jaɓɓama. Bawana ne ya biyo ni har nan? Gero ya ƙare a gidanku, ko kuwa matarka ce ta gane ba ka da amfani?"

A al'ada Baba zai mayar masa da wadda ta fi wannan. Sai kawai ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi. Arɗo ya sauke ƙafarsa, ya dube shi, ya dube ni. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono.

Ni na fara magana, domin nauyina ne. Na bayyana masa a tsare cewa wasu daga cikin shanunsa an yanka musu kunne ba a yi musu allura ba, cewa cutar tana rafin da ke bayansa, kuma mun zo da magani. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, ka ga waɗancan?" Ya nuna wasu shanu da ke kwance a inuwa, idanunsu na ruwa. "Allurarku ce. Tun da muka iso suke zazzaɓi, nono ya ja baya, matan gida suna ta yi mini magana. Na sani, kowace shekara haka take yi, kuma suna tashi. Amma ga waɗancan can suna kiwo, ko gezau. Su ne masu ƙarfin garken. Yanzu ka zo ka ce su ma sai ka kwantar da su, a bazara, ba su ƙoshi ba?"

Na ce masa waɗanda suka yi zazzaɓi hankalina a kwance yake da su, domin zazzaɓin shi ne shaidar magani ya shiga. Waɗanda ke kiwo lafiya lau su ne suka hana ni barci. Wataƙila wasunsu an yi musu ba su nuna ba, amma a cikinsu waɗanda aka tsallake suke.

Ya yi murmushi. "Ko kuwa lissafinku ne bai cika ba, aka ce ku zo ku sake dubawa kafin masu jangali su fito?"

Ina jin filas ɗin a gefen ƙafata kamar garwashi. Sai Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Arɗo, shekara nawa muna tare, ka taɓa jin na kira ka da sarautarka? Yau na kira. Ni na yi wannan ɓarna. Na ba yaron gidana awartaki don mu yi sauri, magani ya ƙare a hannuna, na ga ka tafi na yi shiru. Malam bai zo ƙidaya ba. Ya karɓe takardata saboda shanunka."

Arɗo ya tashi ya nufi bukkar uwargidansa, domin wasu daga shanun nata ne, ba ya yanke magana a kansu shi kaɗai. Muna jin muryarta daga ciki, ba a hankali take magana ba. Da ya dawo ya ce sun yarda, amma da sharaɗi: Baba ne zai yi.

Na ce masa Baba a dakace yake, ni zan yi da hannuna, kuma ina da izini.

"Ban san hannunka ba, Malam. Nasa na sani. Wanda ya zubar shi zai kwashe. In ba haka ba, ku shanye nononku, hanya tana nan."

Takardar tana cikin aljihun rigata. Ni na karɓe ta, da dalili, kuma dalilin bai canza ba. In na bar mutumin da ba shi da izini ya riƙe sirinji a gabana, na aikata daidai abin da na hukunta shi a kai. In kuma na tsaya a kan bakana, zan koma da mataccen magani in bar shanun da alamar ƙarya a kunne. Na buɗe filas ɗin na duba. Abin da ya rage na ƙanƙara bai fi ƙwan kaza ba, yana yawo a kan ruwa.

Na ga hanya guda ce kawai wadda ba ta karya doka a ɓoye ba. Ni na dakatar, ofis bai riga ya yanke hukunci ba, saboda haka ina iya ɗage dakatarwar in ɗauki alhakin hakan. Na fito da takardar a gaban Arɗo na miƙa wa Baba. Na ce, daga yanzu zuwa saniyar ƙarshe ta garken nan izininsa ya dawo, a gaban idona, kuma zan rubuta cewa na yi haka.

Ba kwararo a wurin, sai igiya. 'Ya'yan Arɗo suka riƙa kamo duk mai yankakken kunne da ba ta nuna zazzaɓi ba. Na dama maganin kaɗan-kaɗan a inuwar dutse, na lulluɓe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma. Kowace saniya ina tsaye a kafaɗarta har allura ta shiga ta fita, sannan in shafa mata toka a goshi don kada a kamo ta sau biyu. Mun gama kafin rana ta take, da sauran sanyi a ruwan filas. Baba ya wanke sirinjin, ya mayar cikin akwatinsa, ya zaro takardar ya miƙo mini ban tambaya ba.

"To, Allah ya shirye ka, bawana," in ji Arɗo.

"Amin, ubangijin bashi," in ji Baba.

A lokacin na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na zauna na sha nonon da tun ɗazu yake jirana. Arɗo yana tsaye yana bin garken da ido, yadda suke yi ba tare da ƙidaya ba. Sai na ga ya juya wajen Baba.

"Karsanar nan fara mai baƙin baki fa? A wane layi ta shiga?"

Baba ya ce bai tuna ba.

"Kullum ita ce a baya," in ji Arɗo. "Ko rafi aka je ita ke shan ƙarshe."

Na tambaya ina take. Ya ce ya bar ta a wata ruga kusa da Tudun Wada, a hannun ɗan wani amininsa da ya yi aure ba shi da abin kiwo. Al'adarsu ce: a ba mutum karsana riƙo, ta yi masa 'yan haihuwa, 'ya'yan su zama nasa, sannan uwar ta koma gida. Ya zaɓe ta ne ma saboda kunnenta a yanke yake, don kada ya ba yaron abin da zai mutu masa.

Muka juyo a ranar da ragowar maganin. Da muka isa inda ya kwatanta, ba mu tarar da komai ba sai toka da busasshen kashin shanu da turakun maruƙa. Maƙwabta suka ce sun tashi sun yi gabas, wajen ƙasar Bauchi, inda ikona bai kai ba. Maganin ma ya riga ya mutu. Na rubuta wa abokan aikina na can, amma me zan ce musu? Su nemi farar karsana mai yankakken kunne, a ƙasar da yawancin shanunta farare ne, kuma duk wadda aka yi wa allura kunnenta a yanke yake.

Hukuncin ofis ya zo bayan damina ta kankama. An dakatar da Baba na shekarar, aka ce sai ya sake zama jarrabawa kafin a mayar masa da takarda, ya kuwa zauna tare da 'yan samari ya ci. An sallami surukinsa daga aikin sansani. Ni kuma aka aiko mini da takardar jan kunne a kan abu biyu: yi wa shanu masu alama allura ba da izini ba, da mayar da takardar wanda na dakatar. Ba a ce komai ba a kan shawarar da na bayar cewa a ƙara yawan masu izini a sansanonin da ke kan hanyar kudu, alhali ƙarancinsu ne ya sa dattijo mai hankali ya miƙa awartaki ga mai ɗebo ruwa. Na amsa takardar cikin ladabi, ban kuma janye ko kalma guda ba. Abin da ke cikin ikona na yi shi: na sa wani baduku a Bebeji ya yi mini igiyoyin fata, aka ɗaure kowane awartaki a wuyan hannun mai allura, gajere yadda ba zai kai hannun wani ba.

Shanun Arɗo sun tsira, wannan labari ya iso mini tun kafin kaka. Amma duk kasuwar da na shiga a shekarar, in na ga farar karsana sai na zagaya na dubi bakinta.

Da bazara ta zagayo, Arɗo ya kawo maruƙansa sansanin Kiru. Bayan gaisuwa na tambaye shi. Ya ce cutar ta iske rugar a can gabas. Manyan shanunsu, da yake an yi musu allura tun da, ba wadda ta kwanta. Karsanar ce kaɗai ta faɗi, da ciki. Mutanen rugar suka taru suka duba kunnenta, suka ga yankan hukuma sarai, suka ce ashe allurar ba ta hana komai, zazzaɓi kawai take sa wa dabba. Ya aika musu da bayanin abin da ya faru, amma sun ce ba za su kai maruƙansu ko'ina ba a bana.

Na tambaye shi inda suka sauka yanzu. Ya yi jim, kamar yadda suke yi in ɗan hukuma ya yi wannan tambaya, sannan ya kwatanta mini wani rafi bayan Tudun Wada. Na bar sansanin a hannun mataimakina, na aika Ƙofa a gaya wa Baba ya same ni a Kwanar Dangora da takardarsa, na shiga bukka na fara cika filas da ƙanƙara.